Tafintar Bakano

A shekarun da farar hula suka karɓi mulki, kuɗin mai ya fara malala a Abuja, ni ma na sami aiki a wata hukumar tarayya mai shimfiɗa hanyoyin karkara da haƙa rijiyoyin burtsatse. Aikin gwaji ne. Sai Daraktan da kake ƙarƙashinsa ya sa hannu ya ce ka cancanta kafin a tabbatar da kai, in kuwa ya ƙi, a sallame ka salin alin. Mijina bai daɗe da rasuwa ba, ya bar ni da 'yan biyu mata, kuma yayana a Zariya ya riga ya share mana ɗaki a gidansa. Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa, amma na san halin gidan. In na koma ɗakin nan na koma ke nan, ko barka zan je sai na nemi izini, ni da na saba riƙe gidana. Don haka na kama ciki da falo a Dutse Alhaji, na sa yara a makaranta, na ce Allah ya rufa asiri.

Sashen hulɗa da jama'a aka kai ni, kuma babban aikina shi ne tafinta. Al'adar hukumar ce, duk ƙauyen da aka je taro, Darakta zai yi jawabi da Turanci, wani ƙaramin ma'aikaci yana gefe da nasa makirfo yana mayarwa Hausa, tunda Hausar ce kowa ke ji, Gbagyi da Fulani da sauran baƙi. Na taɓa tambaya, to in Daraktan yana jin Hausa fa? Aka dube ni kamar na yi saɓo. Wai gwamnati ba ta jawabi da Hausa.

Dattijon da na gada, ranar da zai tafi ritaya, ya ja ni gefe ya ba ni sirrin sana'a. Ya ce, “'Yata, manya suna son jefo kalmar da ko su ba su san ƙarshenta ba. In ya jefo wadda ba ki sani ba, kada ki tsaya, kada ki dube shi. Ki yi addu'a. Ki ce Oga ya ce Allah ya ba mu damina mai albarka. Jama'a za su ce amin, shi kuma ya ɗauka tafi ake masa.” Ya ce da haka ya ci abinci har ya tsufa, ba wanda ya taɓa kama shi. Na yi dariya na gode masa. Abin da bai faɗa mini ba shi ne daraktocin da ya yi wa aiki duk mutanen Kudu ne, ba wanda ya san ko sannu.

Ni kuwa rabona Bakano ne. Bakano na cikin ganuwa, wanda ya yi shekaru yana koyar da adabin Turanci a jami'a kafin a ba shi muƙami. Dogo ne, mai furfura a gemu, ba ya rubuta jawabi, ba ya kuma yi wa kowa Hausa a ofis, ko masinja. Turancinsa kuwa, ni da na yi digiri, sai in ji kamar ban taɓa shiga aji ba. Ban san inda yake tono kalmomin nan ba. Mu Zagezagi dama mun san Bakano da son nuna isa, amma wannan ya wuce wasa.

Fitarmu ta farko wani ƙauye ne bayan Jikwoyi, za a buɗe rijiya. An kafa rumfa, dagaci da dattawa a gaba, mata a tsaye a baya. Darakta ya fara da gaisuwa, na bi shi lafiya lau. Can sai ya jefo wata kalma mai tsawo, ban ko kama wutsiyarta ba. Na tuna dattijo, na buɗe murya na ce, “Darakta ya ce Allah ya sa wa ruwan nan albarka.” Rumfa ta ɗauka, “Amin!” Na ce a raina, ashe abin ba wuya. Ya sake jefowa, na roƙa wa ƙauyen zaman lafiya. Ya sake, na roƙa wa yara ilimi. Kafin ya gama jawabi na yi wa mutanen nan addu'ar da ko liman ranar Juma'a sai haka, har wata tsohuwa tana share hawaye.

Washegari ya kira ni ofis. Bai ce in zauna ba. Da Turanci ya yi maganar, a hankali, yana duba wata takarda. Ya ce, “Madam, jiya na ji daɗin addu'o'inki, amma ni ba limami gwamnati ta turo ba. Na gaya wa mutanen nan in famfo ya lalace su za su gyara, ke kin ce musu Allah ya raya zuri'a.” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce zai ɗauki wani ya riƙa yi masa tafinta a yanzu, amma bayan damina akwai babban taro a wani ƙauye bayan Bwari, kan wata hanya da ake rigima a kanta. Ranar zai sake gwada ni. Daga abin da ya ji ne zai san ko zai sa hannu a takardata ko ba zai sa ba.

Na fito ina tafasa. Kunya na nan, amma haushi ya fi yawa. Mutumin da ya sha Hausa a nono, zai iya faɗa wa mutane maganarsa cikin numfashi ɗaya, shi ne zai rataya makomar 'ya'yana a kan kalmomin Turawan da suka mutu tun kafin a haifi kakana! Na shiga bayin mata na zage shi tas a raina, na wanke fuska. Amma da na fito, takardar dai a hannunsa take. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Farko na yi wautar da kowa ke yi. Na sayi ƙaton ƙamus na fara hadda daga harafin farko. Na yi makonni ban fita daga shafukan gaba ba, kuma abin da na haddace da safe kafin la'asar ya tsere. Ana nan wata rana aka aike ni in kai saƙo motarsa, sai na ga kujerar baya cike da tsofaffin littattafan labari na Turawa, masu kauri, bangonsu ya ci hannu. Na ce a'a, ashe nan ne rumbun. Ranar Asabar na tafi wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin kasuwar Wuse, na zaɓo masu kama da nasa, waɗanda ba mai taya su. Mai sayarwa har yana tambayata ko ƙosai zan naɗe da su.

Karatun a motar ma'aikata nake yi. Daga Dutse Alhaji zuwa sakatariya, inda ofishinmu yake, ba wata nisa ba ce, amma a shekarun nan kowa ya sayi mota, tirelolin siminti kuma sun cika hanyar Kubwa, sai ka zauna a cunkoso har ƙafarka ta yi tsami. A nan na gane cewa kalma a cikin labari tana zuwa da mai ita. Ka ga wani tsoho marowaci yana ƙirga gawayi, sai ka ji an ce masa “parsimonious”, ba ka ƙara mantawa. Kowace safiya sai in zaɓi kalma ɗaya in rubuta a tafin hannuna da biro. Na san alwalar azahar za ta wanke ta, don haka dole ta shiga kaina kafin a kira salla. In ta ƙi shiga, gobe a sake.

Sannan na shiga raba wa mutane kalmomin, kowa da tasa. Mai shagon bakin layinmu, wanda ke auna sukari kamar zinariya, shi na ba “parsimonious”. Direban motarmu, mai faɗa da kowane ɗan acaɓa, ya sami “cantankerous”. Akwai wani akawu a ofis, kullum fuska a ɗaure kamar an aiko masa da rasuwa, na ɗora masa “lugubrious”, har yau in na ji kalmar shi nake gani. Wata rana na yi suɓutar baki na kira shi da ita a gabansa. Ya ce, “Na gode, Madam.” Na fita da sauri kafin dariya ta kashe ni.

Sai dai sanin ma'ana rabin aiki ne. Tafinta ba ya da lokacin tunani, dole kowace kalma ta zo da abokiyarta ta Hausa riƙe da hannu. Kuma Hausar ma ba irin tamu ta Zazzau ba, sai wadda manomin da ya koye ta a kasuwa zai kama nan take. A nan ne mai gidan da nake haya ta shigo. 'Yar Gbagyi ce, dattijuwa, mai zuwa coci, tana sayar da doya a ƙofar gida. Mama muke ce mata, ita kuma tana ce mini Maman Biyu. Hausarta ta nan garin ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “ka” ne a wajenta. Da yamma in na dawo, sai in zauna kan bencinta in ɗauko jimla daga littafi in mayar mata. In ta gyaɗa kai, ta wuce. In ta ce, “Maman Biyu, me ka ce? Wannan magana bai shiga ba,” sai in sauko da ita ƙasa.

Wani lokaci labarin ne ke ɗauke mu, mu manta da aikin. Akwai wata yarinya a ɗaya daga cikin littattafan da wani attajiri ya yaudare ta. Mama ta ƙi yarda in tsallake ko shafi, tana fere doya tana tsine masa. “Wannan mutum, in ya zo Dutse, ni zan fasa kansa!” Na ce Mama, ai ya mutu tuntuni, ba ma a taɓa yinsa ba. Ta ce ko ma dai mene ne, Allah ya isa. Gaskiya a watannin nan, duk da fargabar da ke cina, na yi dariyar da ban yi ba tun rasuwar mijina.

Yayana kuwa ya sayi wayar salula sabuwa fil, kuma kamar ni kaɗai ya sani a duniya. Kowace Juma'a sai ya kira ta wayar mai shago. “To, ya ake ciki? An tabbatar da ke? In abin ya gagara ki taho kawai, ɗaki na nan.” In ce, “Yaya, ana nan ana ƙoƙari.” In ajiye waya zuciyata na suya, don na san da alheri yake faɗa, kuma alherin ne ke tsorata ni.

Damina ta ɗauke, ranar taro ta zo. Rigimar ita ce, masu awo sun kafa turakunsu ta tsakiyar wani kurmi inda mutanen ƙauyen ke binne kakanninsu tun fil azal. An ce samari sun riga sun tumɓuke turakun sau ɗaya, har an yi doke-doke da leburori a bara. Da muka isa ba kiɗa, ba guɗa. Dattawa na zaune sun yi tsit, samari sun yi cirko-cirko a bayan rumfa, wasu da fartanya a kafaɗa, wai daga gona suke. Na dubi fuskokin nan na san yau ko na so yin addu'a ba mai cewa amin.

Darakta ya miƙe ya fara, na bi shi. Ya ce makwancin magabata “sacrosanct” ne. Wannan na santa, na same ta a bakin wani fada na coci cikin littafi, na kuma gwada ta a bencin Mama har ta zauna. Na ce, “Darakta ya ce makwancin kakanninku ba abin taɓawa ba ne.” Ya ce zai kasance “inviolate”. Na ce, “Ko ƙasa cikin cokali ba za a ɗiba a wurin ba.” Ya ce hanya za ta bi “circuitous” ɗin tafarki ko da kuɗin zai ƙaru. Na ce, “Hanyar ce za ta yi kwana ta zagaya bayan dutse, ta bar muku kurminku, ko nawa za a kashe.”

Sai wani dattijo ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Mata suka rangaɗa guɗa daga baya. Na ga fartanyu suna sauka ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Na ji muryata ta dawo tawa. Darakta ya ci gaba da jefowa ina cafewa, har na fara jin daɗin abin, ina cewa a raina, kawo su, Bakano, yau ka haɗu da Bazazzagiya.

Kamar ya ji ni. Dab da zai rufe sai ya ce ba ya son ganin “recrudescence” na abin da ya faru bara.

Ban taɓa jin ta ba. Ba ta cikin littattafaina, ban ba kowa ita a layinmu ba. Na laluba kaina, wayam. Jama'a sun zuba mini ido suna jira, kuma addu'a na nan a kan harshena, a shirye, da na sake ta da ta wuce. Amma mutanen nan maganar kaburburan iyayensu suke saurare, ban san ko sharaɗi ne ya gindaya musu ba. Kuma shi yana jina. Na juya na dube shi, abin da aka ce kada in taɓa yi, na ce da Hausa, “Ranka ya daɗe, wannan ban san ta ba.”

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ɗan sunkuyo, a nufinsa ni kaɗai zan ji, ya ce, “Ke dai ce musu kada a fama tsohon gyambo.” Da Hausar Kano tsantsa, mai kauri. Ya manta makirfo na gabansa, lasifika kuwa ta kwashe ta watsa har bakin rafi.

Sai wata tsohuwa daga cikin mata ta ɗaga murya. “A'a! Ashe Oga yana jin Hausa! To me ya sa kana wahalar da yarinya tun safe?” Rumfa ta kece da dariya, dagaci har yana buga sandarsa a ƙasa, samarin nan masu fartanya suna riƙe ciki. Darakta ya gyara tabarau, ya ƙarasa jawabinsa da Turanci kamar ba abin da ya faru, ni kuma na ƙarasa fassara. Amma ni na ga na yi ɓarna. Na tona wa babban mutum asiri a bainar jama'a, na sa tsohuwa ta yi masa faɗa, na kuma furta da bakina cewa ban sani ba. Muka kama hanyar komawa. Ina kallon gonaki ta taga ina tunanin wace mota ce za ta kwashe mana kaya zuwa Zariya.

Ranar Litinin ya aiko a kira ni. Wannan karon ya ce in zauna. Jami'in kula da ma'aikata na tsaye a gefe da fayil ɗina a hannu. Darakta ya ce, da Turancinsa dai, ya yi shekaru yana koyarwa, kuma ɗaliban da suka fi ba shi wahala su ne masu gyaɗa kai a kan abin da ba su gane ba. Ya ce tafintan da zai tsaya ya tambaya shi yake nema tun da ya zo. Ya karɓi fayil ya sa hannu, ya miƙa wa jami'in, ya koma kan takardunsa. Na miƙe zan yi godiya, duk kalmomin da na tara ba wadda ta zo. Na ce, “Allah ya saka da alheri.” Bai ɗago ba, amma na ji ya ce amin.

Na fito na sami wani lungu a bayan matakala na yi kuka mai isata. Kukan daɗi ne, irin wanda in ka gama kake jin yunwa. Na sayi masara gasasshiya a bakin ƙofar sakatariya na cinye a tsaye, ni da ban taɓa cin abu a titi ba.

Da na sauka a Dutse ban wuce gida ba, na shiga kasuwa wajen masu kayan gini na sayi ƙusoshi. Tun da muka shiga ɗakin nan ban taɓa buga ko ƙusa ɗaya a bango ba. Kayanmu a cikin jakunkuna suke, labule a igiya, hoton mijina a ƙasan akwati naɗe cikin zani, don kullum ina ganin gobe za a ce mu tashi. Na tsaya a ƙofar gida na ce, “Mama, ara mini guduma.” Ta dube ni, ta dubi ƙusoshin, ta ajiye wuƙar doya ta shiga ta ɗauko ba ta tambaye ni komai ba.

'Yan biyu na zaune a tabarma suna aikin makaranta lokacin da na hau kujera na fara bugawa. Suka ɗago suna kallona. Na ce wa Hassana ta buɗe akwati ta kawo hoton babansu. Ta kawo, na rataya, ya karkace, na gyara. Ƙaramar ta tsaya tana duban bangon, sannan ta ce, “Umma, mu ma za mu iya manna namu zanen?”

Na ce su manna duk inda suka ga dama.